Harshen Kwaɗo da Namu

Duk wanda ya kwana a Mai Wurno ko Wad Madani na ƙasar Sudan da damina ya san ba a raba dare da kukan kwaɗi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka haƙa magudanan da ke shayar da gonakin Jazira, kwaɗo ya samu mazauni a gefen kowace gonar auduga da dawa. Muna tsallake shi a hanya, yara na jifansa, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa su ga yadda yake cin abinci.

Gwada ka tsuguna kusa da fitila bayan isha'i, inda ƙwari ke taruwa. Za ka ga kwaɗo ya yi kasaƙe, ga ƙwaro gabansa, sai kawai ka nemi ƙwaron ka rasa. Ba laifin idonka ba ne, harbin harshensa ya fi ƙiftawar ido sauri.

Sirrin yana wurin dashen harshen. Namu tushensa can baya yake, ɗaure da wani ɗan ƙashi a maƙogwaro, kansa ne ke yawo a gaba. Na kwaɗo a gaban muƙamuƙin ƙasa yake manne, kansa na kwance yana kallon maƙogwaro. In ya buɗe baki sai harshen ya wuntsilo waje, ya faɗa wa ƙwaro ta sama. A 2017 Alexis Noel da David Hu na jami'ar Georgia Tech a Amurka suka auna shi, suka tarar ya ninka namu laushi sau goma, shi ya sa yake nannaɗe ƙwaro ko ta ina. Yawunsa ma abin mamaki ne. Lokacin da harshen ya bugi ƙwaro, yawun kan tsinke ya shige kowane lungu na jikinsa, wajen dawowa kuma ya yi kauri da yauƙi fiye da miyar kuɓewa. To yaya zai ɓamɓare abin da ya manne haka? Da idanu. Lura da kyau, in zai haɗiye sai ya runtse, ƙwayoyin idon su nutsa cikin rufin baki su tura ƙwaron ciki. Ba ya tauna, kuma irin mai ƙurajen fata da ke shigo mana tsakar gida ko haƙori ba shi da shi.

Ke nan harshen kwaɗo hannu ne na farauta. Namu aikinsa daban: juya loma, ɗanɗano, haɗiya, sai uwa uba magana. Almajirin da ke koyon tajwidi a tsangaya ya san cewa cikin mafitar haruffa 17, goma a harshe suke, kuma da wannan harshe ɗaya yaron Mai Wurno ke sarrafa Hausa da Larabci. Shi kuwa kwaɗo, duk ƙarajin nan da bakinsa a rufe yake yi. Iska ce yake turawa daga huhu ta maƙogwaro zuwa jakar da ke kumbura a wuyansa, kuma mazan ne ke kiran mata.

Sauran jikin ma akwai bambanci. Zuciyarmu ɗaki huɗu, tasa uku. Ba shi da tantanin da ke jawo mana numfashi a ƙasan ƙirji, shi ya sa kullum wuyansa ke ɓal-ɓal yana tura iska. Ba ya shan ruwa da baki, fatar cikinsa ce ke tsotsa, kuma da fata yake wani ɓangare na numfashinsa.

A nan manomi ya kamata ya buɗe kunne. Fatar da ke shan ruwa tana shan guba. Wanda ya gama feshin auduga ya wanke tankinsa a magudana, ya kashe mai cinye masa ƙwari kyauta, ya kuma ɓata ruwan da mata ke ɗiba a ƙasa. A wanke kayan feshi nesa da ruwa. Yaron da ya kama kwaɗo kuma a sa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ido ko abinci, domin kumburin nan biyu na bayan idon kwaɗon gida dafi suke fitarwa.