RAYUWAR DA IDO BA YA GANI A LAKAR BAKIN KWARA

Kogin Kwara yakan taso ne daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Jamhuriyar Nijar, ya biyo ta Yawuri, ya gamu da Binuwai a Lakwaja, sa'an nan ya yi rassa barkatai ya faɗa cikin Tekun Atlantika, bayan tafiyar kilomita wajen 4,180. Ba ruwa kaɗai yake ɗauke da shi ba. Kowace damina yakan kwashi yumɓu da ruɓaɓɓen ganye daga ƙasashen da ya ratsa, har ya isa yankin Neja Delta inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri. A nan ne gudunsa ke mutuwa, gishiri ya sa yumɓun ya dunƙule ya kwanta, ya zama laka.

Duk baƙon da ya isa bakin waɗannan rafuffuka sa'ad da teku ya janye, ba abin da zai gani sai baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Amma masu iya magana sun ce raina kama ka ga gayya. In aka ɗibi cokali guda na lakar aka duba da madubin likita, sai a tarar da ɗaruruwan miliyoyin ƙwayoyin halitta, kowace da aikin da take yi.

A can sama, inda rana ke taɓawa, akwai waɗansu 'yan tsirrai masu ƙwanso kamar gilashi. Sukan hau fuskar lakar in ruwa ya janye don su sami haske, su nutse in ya dawo. Yauƙin da suke fitarwa yakan ɗaure ƙwayoyin ƙasa, ya rage yadda igiyar ruwa ke zaizaye gaɓa. Ƙarƙashinsu kuwa sai 'yan tsutsotsi da ba su kai kaurin gashi ba, waɗanda ke kai da kawowa tsakanin ƙwayoyin yashi, har akan sami fiye da miliyan guda a fili mai faɗin mita ɗaya kowane gefe. Wata masaniya 'yar Ingila, Molly Mare, ita ce ta ware irin waɗannan halittu ta ba su rukuni nasu a 1942.

Iskar oksijin ba ta shiga lakar sai 'yan milimita kaɗan. Daga nan zuwa ƙasa mulkin bakteriya ne, waɗanda ke rayuwa ba da iska ba, sai da wani sinadari na ruwan teku mai ɗauke da farar wuta. Su ne ke fitar da warin nan, su ne kuma ke baƙanta lakar. Watau warin da baƙo ke toshe wa hanci alama ce ta ana aiki, ana narkar da matattun abubuwa ana mai da su taki.

Daga wannan aiki ne abincin jama'a ke farawa. Itatuwan fadamar gishiri, masu saiwoyi a waje, sukan zubar da ganye, bakteriya su ruɓar da shi, tsutsotsi su ci bakteriya, 'ya'yan jatan-lande da ƙaguwa da ƙananan kifaye su ci tsutsotsi. Ashe busasshen jatan-landen da ake aunawa a kasuwannin Sabon Gari na Kano da Zariya, a lakar nan aka yi renonsa.

To, tun da aka sami man fetur a Oloibiri a 1956, wannan rayuwa ta shiga hatsari. In ɗanyen mai ya malala, yakan lulluɓe fuskar laka ya toshe iska, ya bi ramukan ƙaguwa ya gangara ƙasa. Gaskiya ne akwai bakteriyar da ke cin mai, amma inda babu oksijin aikinsu tafiyar hawainiya yake yi, don haka man yakan shekara da shekaru yana kwance. A 2008 bututun kamfanin Shell ya fashe a rafin Bodo na ƙasar Ogoni, ya halaka itatuwa da kifaye. A 2015 kamfanin ya amince ya biya mutanen garin diyyar fam miliyan 55. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kuwa ya ƙiyasta cewa farfaɗo da ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Har wa yau akwai wata matsala daga arewa. Madatsun ruwa irin ta Kainji, wadda aka gama a 1968, sukan tare wani kaso na yumɓun da ya kamata ya isa bakin teku, alhali kuwa da shi ne laka ke sabuntawa.

Diyya na iya sayen sabon kwalekwale da koma, amma ba ta iya sayen laka mai rai. Saboda haka ya wajaba hukumomi su riƙa auna lafiyar lakar kanta kafin a ce an gama gyaran kowane rafi, domin sai ƙananan halittun nan sun dawo tukuna masunci zai ga kifi a komarsa.