Abin da Fuskar Dutse Ke Faɗa Game da Ma'adinai

Kafin kamfani ya zuba kuɗi a haƙar ma'adini, masanin duwatsu ne ke fara taka wurin da ƙafa, riƙe da guduma da madubin ƙara girma da taswira. Abin da yake nema shi ne inda dutsen ƙarƙashi ya leƙo waje: gefen tsauni, gaɓar rafi, ko inda aka sare tudu don hanya.

Alama ta farko launi ce. Yawancin ma'adinan jan ƙarfe da dalma da tutiya a haɗe suke da farar wuta. Idan ruwan sama da iska suka daɗe suna dukansu, farar wutar kan zama ruwa mai tsami, ya narkar da wasu ƙarafan ya gangara da su ƙasa, ya bar dutse mai ramuka kamar soso, ja ko ruwan ƙasa saboda tsatsa. Masana na kiransa hular ƙarfe. A 1883 wani ma'aikacin gonar tumaki, Charles Rasp, ya ɗebi samfuri daga irin wannan dutse a Broken Hill ta Ostireliya, yana zaton kuza ce. Ashe azurfa da dalma da tutiya ne jibge a ƙarƙashi. Sai dai a ƙasarmu marmara ma ja ce, kuma ta lulluɓe wurare da yawa, saboda haka ja kaɗai ba hujja ba ce. Kore ko shuɗi a jikin dutse kuwa kan nuna jan ƙarfe.

Tsirrai ma na ba da shaida, kuma a ganina ba a ba wannan fanni haƙƙinsa a azuzuwanmu. A Zambiya akwai wani tsiro ɗan uwan ɗoɗɗoya, Becium homblei, wanda ke jure ƙasa mai yawan jan ƙarfe inda sauran tsirrai ke tsumburewa. Masu bincike sun bi shi wajen neman ma'adinin. A 2013 masana a Ostireliya suka gano ƙwayoyin zinariya a ganyen itacen turare, wanda saiwarsa ta zuƙo daga zurfin kimanin mita 30. Suri ma ana gwada ƙasarsa, domin gara daga can ƙasa take kwaso ta.

To, mai karatu, duk wannan ishara ce kawai. Fuskar dutse tana nuna tsawo da faɗi, amma ba ta nuna zurfi. Jijiyar farin dutse mai zinariya, irin ta Birnin Gwari da Maru, tana iya kai faɗin mita guda a sama, ta tsuke ta ɓace a ƙasa. Kuma wanda ya tsinci dutsen da ya fi ƙyalli ya kai ɗakin gwaji, kansa ya ruɗa. Ƙa'ida ita ce a sassaƙi samfuri a miƙe daga wannan gefen jijiya zuwa wancan, mai kyau da maras kyau, domin ma'adinai da dama giram 1 zuwa 5 na zinariya kawai suke samu a tan guda na dutse. Bayan haka sai a haƙa kwalbatoci, sannan a huda ƙasa da na'ura a zaro dutse a auna.

Gwajin yana kuma bayyana abin da ke tare da zinariyar. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, an riƙa niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje, ƙurarsa ta kashe yara kimanin 400.