Shin Ko Kun San? Ƙarafan Yaƙin Hitila da Masu Farfaɗo da Su

Shin ko kun san cewa daga cikin tankokin yaƙi samfurin Tiger I kusan 1,350 da Jamus ta ƙera a Yaƙin Duniya na Biyu, ƙwaya ɗaya tak ta rage da za a tayar da ita ta yi tafiya? Ana ce mata Tiger 131, tana gidan tarihin tankoki na Bovington a kudancin Ingila. A Tunisiya aka kama ta cikin Afrilun 1943. Harsashin wata tankar Ingila ne ya maƙale a wuyanta, inda kan ke juyawa da igwa, ya hana shi motsi. Sojojin ciki suka fice suka bar ta kusan lafiya lau. Sarki George na Shida da Winston Churchill sai da suka je suka gan ta da idonsu a Tunis.

A 1990 aka fara kwance ta noti bayan noti, ba ta koma gida da inji mai aiki ba sai Disambar 2003. Injin ma ba nata ba ne na asali. Wancan an riga an yanka shi gunduwa-gunduwa don a nuna cikinsa, sai aka ɗauko na wata tankar Tiger II aka dasa mata. Amma tabon harsasai da ke jikinta ba wanda ya shafe shi da walda. Masu gyaran sun san cewa tabon nan shi ne shaidarta.

Abin da ya fi burge ni ba a gareji ya faru ba. Shekara kusan saba'in ana cewa an kama ta ranar 21 ga Afrilu a wani tudu mai suna Djebel Djaffa. Sai ɗan wani tsohon sojan rundunar Sherwood Foresters ya kai ziyara gidan tarihin, ya ji labarin ya yi kama da wanda mahaifinsa ke ba shi, amma wurin ya sha bamban. Aka koma kan tsofaffin hotuna da littattafan da rundunoni ke rubuta abin da ya faru kullum. Ashe ranar 24 ga wata ce, a wani tudun dabam da taswirar soja ke kira Point 174. Gidan tarihin ya gyara bayaninsa.

Kun san ƙanƙara ma tana ajiya? Ranar 15 ga Yulin 1942 jiragen yaƙin Amurka takwas suka yi saukar dole a kan ƙanƙarar Girinlan. An ceto mutanen duka, jiragen kuwa dusar ƙanƙara ta yi ta binne su. A 1992 aka huda rami da ruwan zafi har zurfin mita 82, aka fito da ɗaya samfurin P-38 a kwakkwance. Ya sake tashi sama a Oktoban 2002.

A Istoniya kuma, a shekarar 2000, katafila ta jawo tankar Rasha T-34 daga wani tabki bayan shekara 56 a cikin laka, da tambarin Jamusawan da suka ƙwace ta raɗau a jikinta. Laka mai hana iska shiga tana hana tsatsa cin ƙarfe.

Ga wata ta masu jif. Kamfanonin Willys da Ford sun ƙera jif ɗin soja wajen 640,000 bisa zane ɗaya, amma Ford ya riƙa buga harafin F a kan kayansa, har kan notuna. Yau mai gyaran jif ɗin Ford zai kankare tsatsar kan noti yana neman harafin nan, in ya gan shi ya biya ninkin kuɗi bai yi ciniki ba.

Sana'ar farfaɗo da waɗannan ƙarafa tana da haɗari. Agogunan gaban jirage da motocin wancan zamani an shafa musu fenti mai sinadarin rediyam don su yi haske da dare. Hasken ya mutu tuni, gubar tana nan. Sai kuma hukuma: a 2015 sojojin Jamus sun kwashe wajen awa tara suna jawo tankar Panther daga ɗakin ƙasa na gidan wani dattijo a garin Heikendorf. Kotu ta ci shi tarar Yuro 250,000 a 2021.

Shin ko kun san Kano da Maiduguri na cikin wannan tarihi? Daga 1940 zuwa 1943 jiragen yaƙi fiye da 5,000 aka sauke cikin akwatuna a Takoradi ta Gana, aka haɗa su, suka bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Injamena, da Hartum zuwa Masar. Cikinsu har da samfurin Kittyhawk.

Wani Kittyhawk ɗin ne aka tsinta a hamadar Masar a 2012, shekara 70 bayan matuƙinsa, Dennis Copping, ya ɓace da shi a Yunin 1942. Bushewar sahara ta adana shi har da bindigoginsa. Da aka kai shi gidan tarihi na El Alamein sai aka cike ramukan jikinsa, aka malala masa sabon fenti, aka zana masa haƙoran kifin shak a baki, abin da bai taɓa ɗauka ba. Masana tarihin jirage suka yi ca a kan aikin, kuma da gaskiyarsu. Da an bar shi da ƙurarsa da raunukansa, da ya fi daraja nesa ba kusa ba.