Itacen Da Ya Kamata Ka Hura Da Hunturu

Ga hunturu ya kama, ɗari ya sauko, kowa na neman wutar jin ɗumi. A wannan lokaci ne ɗakin shan magani ke cika da masu tari da ciwon ido, da yara masu ciwon haƙarƙari. Akan ce sanyi ne ya kawo. I, sanyi da ƙura suna da nasu laifi, amma hayaƙin da muke shaƙa a ɗaka ma yana da nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi ajalin mutum wajen miliyan 3.2. To, maganin abin tun daga wajen zaɓen itace yake farawa.

Da fari, nemi busasshe. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, sai wuta ta ƙone ruwan tukuna kana ta ba ka zafi, shi ya sa yake turnuƙe ɗaki. Ga yadda za ka gane busasshe: bakinsa ya tsattsage, ɓawonsa na sauka, in ka buga biyu sai ka ji ƙara ƙwal. In ka sa a murhu ka ga kumfa na fita ta gindinsa, ɗanye ne. Janye shi, ka faskara, ka shanya a rana.

Na biyu, nemi mai tauri, kamar su kirya da marke da bagaruwa da aduwa. Suna ci a hankali, su bar garwashi mai daɗewa. Ka ga ai maƙera gawayin kirya suke nema. Kuka da rimi kuwa fankam fayau ne, ba su da garwashin kirki. Kara da sabara na kunna wuta ne, ba na kwana ba.

Na uku, akwai abin da ba a sa wa wuta sam. Bar itace mai farin ƙaro, irin su tumfafiya da tinya da aguwa, don ƙaronsu na ɓata ido. Haka kuma katako mai fenti ko maganin gara, da leda da tsohuwar taya. Hayaƙinsu guba ne.

Amma fa a lura, ko busasshen kirya ba a rufe ɗaki da shi. Garwashi na fid da wata iska marar launi, marar wari, wadda ke hana jini ɗaukar iska mai kyau. Mai barci ba ya jin ta, sai dai a wayi gari ba shi. Saboda haka hura wutarka a tsakar gida, in ta ruru ka shigo da kasko, ka bar taga a buɗe, ka fid da shi kafin ka kwanta. A ɗakin mai jego ya kamata a fi kula, gama huhun jariri bai yi ƙwari ba.

In wani ya ji ciwon kai da jiri a ɗaki mai wuta, a fid da shi waje nan da nan, a kawo shi ɗakin shan magani. Yaro mai tari kuma, in numfashinsa ya yi sauri, kada a jira gobe.

Allah ya ba mu lafiya, amin.