Kujeru da Teburan Masu Zanen Gine-gine na Italiya

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu zanen gine-gine ne suka tsara akasarin kayan ɗakin da suka ɗaga sunan Italiya a duniya. A lokacin, wanda ya karanci gini a Milan ko Turin shi ake bai wa aikin gida, kuma shi zai zana kujera da tebur da fitilar da za a saka a ciki. A yankin Brianza kuwa, arewa da Milan, akwai kafintocin gado masu ƙananan shaguna waɗanda ba sa tsoron gwada sabon abu. Haɗuwar waɗannan biyu ce ta haifar da kayan da attajirai da gidajen tarihi ke rububinsu a yau.

Fitacce a cikin masu zanen shi ne Gio Ponti, wanda ya kafa mujallar Domus a 1928, ya kuma zana dogon benen Pirelli a Milan. Kujerarsa mai suna Superleggera, wadda kamfanin Cassina ya fitar a 1957, nauyinta kilo 1.7 ne kacal. Ponti ya samo siffarta daga tsoffin kujerun garin Chiavari na bakin teku, sai ya yi ta rage nama a jikin katakon har ƙafafun suka koma masu kusurwa uku, kaurinsu milimita 18, mazaunin kuma saƙa ne. A hoton tallarta, yaro ne ke ɗaga ta da yatsa ɗaya. Gwanintar ba a rashin nauyin kaɗai take ba, domin babban mutum yana zama a kanta ba ta ko ƙara.

'Yan uwa biyu, Achille da Pier Giacomo Castiglioni, su ma sun bar tarihi da fitilar Arco ta 1962. Gindinta dutsen marmara ne mai nauyi, don haka suka huda shi yadda mutum biyu za su zura sandar tsintsiya su ɗauka.

Sai dai a wajen gwanjo, Carlo Mollino na Turin ne ke kan gaba. Matuƙin jirgin sama ne, mai tseren mota, kuma bai damu da masana'anta ba. Kusan kowane abin da ya zana, don wani gida ɗaya aka yi shi, don mutum ɗaya. A 2005 kamfanin Christie's ya sayar da wani teburinsa na katako da gilashi a kan dala miliyan 3.8 a New York. A 2020 wani teburin nasa, wanda gidan tarihi na Brooklyn ya fitar, ya kai dala miliyan 6.2 a gwanjon kamfanin Sotheby's.

Ƙarancin kaya da sanin asalinsa su ne ke yanke farashi, fiye da kyawun zane. Masu saye suna bin diddigin gidan da aka yi wa kayan, da takardunsa, da tsoffin hotunan da suka nuna shi a wurinsa, saboda jabu ya yi yawa a kasuwar. Kwaskwarima ma tana karya daraja: tsohon fenti mai ƙarce ya fi sabon shafe kuɗi. Ita kuwa Superleggera har yanzu Cassina na ƙera ta, shi ya sa farashinta bai ko kusanci na teburan Mollino ba.