Zaƙin Sallah a Ɗanzomo

Idan Sallah ta gabato a Ɗanzomo, cikin ƙasar Gumel, hankalin uwargida yakan koma kan kayan zaƙi: alkaki na alkama, wanda akan soya a tsoma cikin zuma, da nakiya ta shinkafa da man shanu, wadda takan yi watanni ba ta lalace ba. Amma yanzu mu masu albashi, malamai da akawuna, sai mu tafi kasuwar Maigatari ran Alhamis mu sayo biskit na kwali, wai ya fi sauƙi.

Ba saye muka ƙi ba. Mutanen Sin ma sayen wainar bikin wata suke yi, na ran 15 ga watansu na takwas, amma irin ta kakanninsu suke saye, su yayyanka, iyali duka su ci da shayi. Mu kuwa kayan muka sake ɗungum. Tsohuwar da ta iya murza alkaki, in aka daina yi mata aike, ba za ta koya wa jikarta ba. To, mai niyyar saye bana ya aika mata da wuri, gama kwaɓin sai ya kwana kafin a soya.