Aikin Kula da Ma'aikata: Hanyar da ke Buɗe ga Wanda Bai Yi Digiri Ba

A kamfanoni da masana'antu da dama na Ikko, Kano da Kaduna, akan tarar cewa mutumin da ya fi kowa sanin sirrin ofishin ma'aikata bai taɓa shiga ajin jami'a ba. Akasari ya fara ne a matsayin akawu mai rubuta sunayen waɗanda suka zo aiki, daga nan aka miƙa masa lissafin albashi, sannu a hankali har ya zama shi ake kira idan rigima ta tashi tsakanin shugabannin kamfani da ƙungiyar ƙwadago.

Wannan hanya tana nan har yanzu, sai dai ta ƙara tsauri, domin aikin ya wuce ajiye fayil. Jami'in ma'aikata a yau tilas ne ya san cewa Dokar Fansho ta shekarar 2014 ta ɗora wa mai kamfani zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, shi kuma ma'aikacin a cire masa kashi 8. Haka kuma Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi a riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi a asusun NSITF. Ga harajin albashi da ake kai wa hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, ga kuma mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024.

Inda ƙananan kamfanoni suka fi yin tuntuɓe shi ne wajen sallama. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da ɗaukarsa. Wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar ana ba shi sanarwar mako biyu, wanda ya kai shekara biyar kuwa wata guda. Ɗan kasuwar da ya saba korar yaron shago da baki kawai yakan sha mamaki ranar da sammaci ya iso daga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙara wa ƙarfi. A irin wannan rana, akawun da ya adana takardun gargaɗi da kwanan watansu ya fi wa maigidansa amfani a kan takardar shaidar da ke rataye a bango.

Duk da haka, ƙwarewa ba tare da shaida ba takan tsayar da mutum a kamfani ɗaya. A nan ne Cibiyar Ƙwararrun Jami'an Ma'aikata ta Nijeriya, wato CIPM, ta shigo. An kafa ta a 1968, Dokar Soja mai lamba 58 ta 1992 kuma ta ba ta ikon tsara wannan sana'a, hedkwatarta tana Alausa a Ikeja. Jarrabawarta mataki-mataki ce: mai takardar sakandare yakan fara daga tushe, mai babbar difloma kuma a ɗauke masa wasu matakai. Ana iya yin karatun ba tare da an bar aiki ba.

Akwai kuma gajerun kwasa-kwasai a Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, da aka kafa a 1971 mai hedkwata a Jos, da kuma Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙwadago ta Michael Imoudu da ke Ilorin.

Gaskiyar da ba a ɓoye ta ita ce, bankuna da manyan kamfanonin mai ba safai suke kiran wanda ba shi da digiri ko babbar difloma zuwa ganawar ɗaukar aiki ba, kuma a aikin gwamnati takarda ce ke fayyace matakin da mutum zai iya kaiwa. Ƙofar ta fi buɗewa a masana'antu matsakaita, otal-otal, makarantu masu zaman kansu, kamfanonin sufuri da na tsaro, inda mai dukiya ke neman wanda zai biya albashi daidai a kan kari, ya kuma iya riƙe sirri. Masu burin kujerar manaja a manyan wurare kan cike giɓin daga baya ta hanyar Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, suna aiki da rana suna karatu da dare.